Daga Nuwadibu zuwa Joal: Bin Sawun Iskar Hunturu da Kifinta

Gaɓar Tekun Atlantika da ta miƙe daga Nuwadibu, a arewacin Muritaniya, har zuwa Joal, a kudu da birnin Dakar na Senegal, tana cikin wuraren da suka fi arzikin kifi a duniya, kuma galibin wannan arziki yana da lokacinsa, domin a yawancin gaɓar ba ya bunƙasa sai daga watan Disamba zuwa Mayu, wato daga tsakiyar hunturu zuwa bazara. Matafiyin da ya bi wannan hanya ta mota a watan Janairu ko Fabrairu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, iska ɗaya ce za ta raka shi tun daga farko har ƙarshe, tana kaɗowa daga arewa, tana bin gaɓa kamar an shata mata hanya, kuma duk garin masuntan da ya yada zango zai tarar cewa maganar kifi da maganar iska ba sa rabuwa a bakin mutane.

Ya kamata tun da wuri a rarrabe iskar da ake nufi, domin iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a wannan gaɓa a lokacin sanyi. Ta farko ita ce wadda mutumin Kano ko Damagaram ya sani, busasshiyar iskar hunturu mai tahowa daga cikin Sahara ɗauke da ƙura, wadda idan ta yi ƙarfi takan kai har bakin teku ta lulluɓe Nuwakshot da Dakar da hazo. Ta biyu kuwa iskar teku ce, mai sanyi da ɗan laima, wadda ke fitowa daga wani yanki na sararin samaniya kusa da tsibiran Azores inda iska ke taruwa ta yi nauyi, sannan ta kwararo kudu zuwa inda iska ta fi sauƙi. Iyakar da wannan iska ke tsayawa ita ce layin da iskar arewa da iskar damina ke haɗuwa, layin da idan ya hau arewa a watan Yuni yake kawo wa ƙasashen Sahel ruwan sama. A lokacin sanyi layin yakan ja da baya zuwa kudu, ya bar wa iskar arewa fili har zuwa gaɓar Gini Bisau, kuma wannan iska ta biyu, mai bin gaɓa, ita ce ke da alhakin kifin.

Nuwadibu gari ne da ke kan wani siririn zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, wanda Faransawa suka kira Cap Blanc, kuma a nan ne doguwar hanyar jirgin ƙasa mai kimanin kilomita 700 ke ƙarewa, inda ake sauke tamar ƙarfen da aka ɗauko daga Zuwerat. Babu kogi, babu gona, ruwan saman da ke sauka a shekara bai taka kara ya karya ba, amma tashar kwale-kwalen garin cike take maƙil, har mutum zai iya taka wannan ya tsallaka wancan ya yi nisa bai taɓa ruwa ba. Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne sanyin ruwan tekun, domin ba a zaton ruwan da ke lasar gefen hamada ya yi sanyin da zai sa mutum ya janye ƙafa, sannan launinsa ba shuɗi ba ne garai-garai irin na hotunan talla, kore ne mai duhu. Sanyin da launin duka shaida ce ta abu ɗaya, wato tasowar ruwan zurfi, yanayin da ruwan ƙarƙashin teku ke hawowa sama ya maye gurbin wanda iska ta kora.

Yadda iskar da ke tafiya kudu take kora ruwa zuwa yamma abu ne da ya ɗauki masana lokaci kafin su warware, kuma bakin zaren daga ƙasar ƙanƙara aka kamo shi. Fridtjof Nansen, ɗan ƙasar Norwe, a tafiyar da ya yi da jirginsa Fram a tekun ƙurewar arewa tsakanin 1893 da 1896, ya lura cewa ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa ba ta bin iska sak, takan karkata zuwa hannun dama. Wani matashin masani ɗan Siwidin, Vagn Walfrid Ekman, shi ya yi lissafin dalilin ya buga a 1905, inda ya nuna cewa juyawar da duniya ke yi tana karkatar da duk abin da ke tafiya a kanta, zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudancinta, kuma idan aka haɗa motsin ruwan sama duka, mai kaurin 'yan gomomin mitoci, sai a ga yana tafiya ne kai tsaye zuwa daman iskar. To, wanda ya tsaya a bakin tekun Muritaniya ya ba arewa baya, ya fuskanci kudu inda iska ta nufa, damansa yamma ne, cikin teku. Saboda haka ruwan sama yakan yi ta janyewa daga gaɓa, kuma tun da teku ba ta barin gurbi, sai ruwan da ke zurfin mita 100 ko 200 ya riƙa hawowa sannu a hankali, mitoci kaɗan a kowace rana.

Amfanin wannan ruwa ba a sanyinsa yake ba, a cikin abin da ya ɗauko yake. Duk abin da ya mutu a teku nitsewa yake yi, ya ruɓe a ƙasa inda hasken rana ba ya kaiwa, ya bar sinadarai irin su nitiret da fosfet, waɗanda su ne abincin tsirrai, sai dai suna jibge a inda babu tsiron da zai ci su. Aikin iska a nan daidai yake da na jakin da ke jigilar taki a mangala daga juji zuwa gona da rani: ba shi ya samar da takin ba, amma in ba don shi ba takin ba zai isa inda ake bukatarsa ba. Da zarar ruwan ya iso inda rana ke haskawa, sai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ake kira filankiton, su hayayyafa cikin 'yan kwanaki har su rina teku kore, ƙananan halittun ruwa su ci su, ƙananan kifaye masu yawo a garke su ci duka biyun, manyan kifaye da tsuntsaye su biyo baya. Manyan wurare huɗu ne a duniya aka san su da wannan hali, gaɓar Feru da Chile, da ta Kalifoniya, da ta Namibiya da Afirka ta Kudu, da wannan ta arewa maso yammacin Afirka, kuma duk da cewa faɗinsu gaba ɗaya bai wuce kashi 1 cikin 100 na tekunan duniya ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin tekun da ake kamawa daga nan yake fitowa. Daga Cap Blanc zuwa arewa kaɗan iska ba ta yankewa, don haka tasowar ruwan ma ba ta yankewa duk shekara, amma daga nan zuwa kudu abin na lokacin sanyi ne kawai.

Kafin matafiyi ya bar Nuwadibu, hancinsa zai sanar da shi wani abu da ba ya cikin lissafin Ekman. A gefen garin akwai jerin masana'antu da ke dafa ɗanyen kifi, su matse mansa, su busar da sauran su niƙa shi gari, wanda ake kai wa ƙasar Sin da Turkiyya da wasu ƙasashe don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Kafin 2010 irin waɗannan masana'antu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, amma cikin shekara goma suka kai gomomi, kuma ana bukatar kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na garin. Kifin da ake niƙawa kuwa ba rarar da aka rasa mai saye ba ce, yawancinsa shi ne wanda talakawan yankin suka dogara da shi, kuma za a sake haɗuwa da labarinsa a ƙarshen hanya.

Titin da ya haɗa Nuwadibu da Nuwakshot kimanin kilomita 470 ne, yana ratsa hamada, kuma a yammacinsa ne gandun Banc d'Arguin yake, wanda aka keɓe a 1976, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989. Wuri ne na ruwa marar zurfi, da tsibirai, da filayen laka da ciyawar teku, inda tsuntsaye fiye da miliyan biyu daga Turai da Saiberiya ke zuwa cin sanyi. Mazauna wurin, Imragen, an hana su amfani da inji a cikin gandun, don haka har yau da jiragen katako masu filafilai suke su, kuma wataƙila babu masuntan da rayuwarsu ta rataya a kan iska kai tsaye kamar su, tun da ita ke kawo kifin, ita ce kuma ke kai su wurinsa. An san su da kamun kifin mulet, wanda ke gangarowa kudu garke-garke daga ƙarshen kaka zuwa cikin hunturu, matansu kuma suna busar da namansa, su cire mai daga kawunansa, su adana ƙwansa da gishiri. An rubuta da yawa game da yadda a da masuntan ke dukan ruwa da sanda, dabbobin dolfin su koro musu kifi zuwa gaɓa, sai dai baƙon da ya je yau da niyyar ganin haka zai fi kyau ya rage buri.

A bakin tekun Nuwakshot babu tasha mai kariya ga ƙananan jirage, da yamma ake turo kwale-kwale kan rairayi da ƙarfin damtse, kuma harshen da aka fi ji a wurin Wolof ne, domin yawancin masuntan daga Njago da Saint-Louis suke. Kifin da ya fi yawa a cikin kwandunan da 'yan dako ke gudu da su a ka shi ne wanda Wolof ke kira yaboy, masana kuma ke kira sardinela, ɗan ƙaramin kifi mai maiƙo da yawan ƙaya, wanda tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya da rabi ba. Iri biyu ne. Akwai mai faɗin jiki, wanda ke jure ruwan ɗumi, ba ya nisa da gaɓa, ba ya kuma doguwar tafiya. Akwai kuma mulmulalle, wanda ke bin ruwan sanyi duk inda ya nufa. Shi mulmulallen yakan gangaro kudu yayin da iska ta fara ƙarfi a ƙarshen shekara, ya yi watannin farko na sabuwar shekara a ruwan Senegal da Gambiya, sannan idan ruwa ya fara ɗumi a watan Mayu da Yuni ya juya arewa, ya ratsa Muritaniya har ya wuce Cap Blanc. A shekara ɗaya, garken kifi guda yana iya ratsa ruwan ƙasashe uku ko huɗu.

Saint-Louis, wanda mutanensa ke kira Ndar, yana bakin Kogin Senegal, kuma unguwar masuntansa, Guet Ndar, tana kan wani siririn zirin rairayi mai suna Langue de Barbarie, kogi a gabas, teku a yamma, gidaje a cunkushe har da ƙyar keken doki ke ratsawa. A nan ne matafiyi ke ganin ɗaya fuskar lokacin sanyi. Guguwar da ke tashi can nesa a arewacin Atlantika, kusa da Turai, takan aiko da manyan raƙuman ruwa waɗanda ke tafiyar dubban kilomitoci kafin su fashe a wannan gaɓa, don haka watannin da kifi ya fi yawa su ne kuma watannin da fita teku ya fi haɗari, su ne kuma lokacin da ruwa ke cin gidajen layin farko. A watan Oktoba na 2003, don a ceci birnin daga ambaliyar kogi, hukuma ta sa aka yanka zirin rairayin a kudu da gari, aka buɗe wata kafa mai faɗin mita huɗu. Teku ta karɓi aikin daga nan, kafar ta yi ta faɗi har ta kai kilomitoci, ta cinye ƙauyen Doun Baba Dièye, kuma tun da ta zama hanyar shiga da fitar kwale-kwale, inda ruwan kogi da raƙuman teku ke karo a kan tudun yashi mai sauya wuri, ɗaruruwan masunta sun rasa rayukansu a cikinta.

Iyakar Senegal da Muritaniya kuwa 'yan kilomitoci ne kawai a arewa da Guet Ndar, kuma kifin da kakannin waɗannan mutane suka saba bi bai san da ita ba. Yanzu sai da lasisi ake tsallakawa. A watan Janairu na 2018 masu gadin tekun Muritaniya suka harbe wani matashin masunci daga Saint-Louis, abin da ya jawo tarzoma a birnin, kuma a cikin shekarar ne ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba kwale-kwale 400 izinin kama tan 50,000 a ruwan Muritaniya. Irin wannan yarjejeniya ana sabunta ta ne lokaci zuwa lokaci, kuma duk sa'ad da aka yi jinkiri unguwar gaba ɗaya takan shiga zulumi.

Kayar, mai tazarar kimanin kilomita 60 a arewa da Dakar, ƙaramin gari ne da ke kumbura da baƙi daga Disamba zuwa Yuni, galibinsu mutanen Guet Ndar da ke tahowa da iyalansu su yi kakar su. Abin da ya bambanta shi yana ƙarƙashin ruwa: wani kwazazzabo mai zurfin gaske ya tsaga ƙasan teku ya iso dab da gaɓa, yana rage ƙarfin raƙuman ruwa a daidai bakinsa, yana kuma kawo kifin zurfi kusa da masu ƙananan jirage. A nan ne ake samun coof, babban kifi mai farin nama wanda ake ganin shi ne ya fi dacewa da ceebu jën, shinkafa da kifin da Senegal ke tinƙaho da ita, wadda UNESCO ta sa cikin al'adun gadon duniya a 2021. Shi ma coof daga ruwan Muritaniya yake gangarowa tare da sanyi, ya koma idan sanyin ya janye. 'Yan asalin Kayar masu fatsa ne, baƙin kuwa da taru suke zuwa, irin wanda ake kafawa a bar shi ya kwana a ruwa, kuma saɓanin da ke tsakanin hanyoyin biyu ya sha kaiwa ga faɗa, har da asarar rai a 2005. Coof yanzu ya yi ƙaranci, ya yi tsada, yawancin wanda aka kama Turai yake tafiya cikin ƙanƙara, kuma tukunyar talaka da yaboy take dahuwa.

Dakar tana kan zirin Cap-Vert, ƙurewar yammacin nahiyar Afirka, kuma babu inda ya fi nan nuna bambancin yanayin biyu a ma'auni, domin ruwan da ke kaiwa digiri 27 ko 28 a watan Satumba da Oktoba yakan sauka ƙasa da digiri 20 a Fabrairu da Maris, mutanen gari su shiga rigunan sanyi da yamma. A Dakar akwai cibiyar binciken teku ta ƙasar, wadda ta daɗe tana tattara lissafin kifin da ake saukewa da na iska da zafin ruwa. Wasu masana biyu Faransawa da suka yi aiki a kan kifin wannan yanki, Philippe Cury da Claude Roy, sun buga wani nazari a 1989 wanda ya gyara wani zato da hankali ke saurin karɓa, wato cewa gwargwadon ƙarfin iska gwargwadon yawan kifi. Da suka kwatanta wurare dabam-dabam na duniya, sai suka ga 'ya'yan kifi sun fi rayuwa idan gudun iska ya tsaya a kan kimanin mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa. Idan ta gaza haka, ruwan zurfi ba ya tasowa yadda ya kamata, abinci ya yi ƙaranci. Idan kuma ta zarce, sai ta dama ruwan, ta watsa abincin da ya kamata ya taru wuri ɗaya, ta kuma kwashi ƙwai da ƙananan 'ya'yan da ba su iya iyo ba ta yi cikin teku da su, inda babu abin da za su ci.

Wannan ne ya sa gaɓar da ke kudu da Dakar, wadda ake kira Petite Côte, ta fi kowace muhimmanci ga yaboy, ko da yake ba a nan iska ta fi ƙarfi ba. A arewa da Cap-Vert ƙasan teku yana gangarawa da sauri, a kudu kuwa shimfiɗaɗɗe ne, mutum zai yi tafiyar kilomitoci da yawa a kwale-kwale ruwa bai yi zurfi ba, ga kuma zirin Dakar da ya tare wani ɓangare na iskar da raƙuman ruwa. Saboda haka ruwan sanyin ba a bakin gaɓa yake ɓullowa ba, a tsakiyar shimfiɗar yake ɓullowa, ya miƙe kudu kamar harshe, abin da ake gani sarai a hotunan tauraron ɗan'adam, ya bar wani zirin ruwa mai ɗan ɗumi da natsuwa tsakaninsa da gaɓa. Masani Andrew Bakun, Ba'amurke, ya taƙaita sharuɗɗan hayayyafar irin wannan kifi zuwa uku, wato ruwa ya sami sinadarai, abinci ya taru wuri ɗaya, 'ya'yan kifi kuma su sami abin da zai riƙe su kada su ɓace, kuma a wannan ziri sharuɗɗan uku suka haɗu. Kifin ma kamar ya san da haka, domin babban lokacin zuba ƙwan mulmulallen yaboy a ruwan Senegal yakan zo ne wajen Mayu da Yuni, sa'ad da iska ta fara lafawa amma abincin da ta tara bai ƙare ba.

Mbour da Joal su ne manyan tashoshin wannan gaɓa. Joal, mahaifar shugaban Senegal na farko, Léopold Sédar Senghor, tana da tsibirin Fadiouth a gefenta, wanda ƙasarsa ɓawon katantanwar teku ce zalla, kuma masu yawon buɗe ido can suke nufa, amma abin kallo na gaske yana ɗaya gefen garin. Kwale-kwalen da ke saukewa a nan sukan kai mita 20 ko fiye, bibbiyu suke fita, ɗaya ɗauke da taru da ma'aikata, ɗayan kuma don ɗaukar kifi. Tarun irin mai zagaye ne, wanda ake kewaye garken kifi da shi sannan a zuge igiyar ƙasansa ya rufe kamar bakin jaka, kuma a farkon shekarun 1970 aka shigo da shi da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, abin da ya ninka yawan kamu ya kuma mai da yaboy abincin kowa. Bayan tashar akwai filin sarrafa kifi na Khelcom, wanda hayaƙinsa ake hangowa daga nesa, inda mata ke gasa yaboy, su ɓare fatarsa, su barbaɗa gishiri su shanya shi ya zama keccax. Busasshiyar iskar lokacin sanyi tana taimaka wa shanyar, kuma daga nan fatake ke loda buhuna zuwa cikin ƙasa, da Mali, da Burkina Faso, da Gini, wuraren da mutane da yawa ba su taɓa ganin teku ba.

Kukan da ake ji a Khelcom da Mbour a 'yan shekarun nan ɗaya ne, cewa mulmulallen yaboy ya yi ƙaranci, kwandon da ake saye da arha ya ninka kuɗi, murhu da yawa sun mutu, masu taru kuma suna ƙona mai su yi nisa su dawo da ƙanana. Akwai bayani biyu, kuma kowanne yana da hujja. Jirgin bincike na ƙasar Norwe mai aiki tare da FAO, wanda aka raɗa wa sunan Nansen ɗin nan, ya riƙa auna garken kifi a wannan gaɓa da na'urar amsa-kuwwa tun daga 1995, kuma lissafinsa ya nuna cibiyar mulmulallen yaboy tana matsawa arewa, daidai da ɗumamar ruwan da ake gani a kudancin yankin. A ɗaya ɓangaren, kwamitin masana na FAO mai lura da ƙananan kifayen yankin ya shafe shekaru yana nanata cewa ana kama sardinela fiye da abin da take iya mayarwa. Bayanin farko ya fi daɗin faɗa a bakin hukumomi, tun da babu wanda za a tuhuma idan laifin na yanayi ne, amma iskar arewa ba ta daina kaɗawa ba, ruwan Dakar bai daina sanyi a Fabrairu ba, kuma sauyin da ya auku cikin sauri a shekarun da kifin ya faɗi shi ne na yawan jirage da masana'antun gari. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, kifin da aka riga aka rage masa manya ba ya iya jure shekara biyu ko uku na iskar da ba ta dace ba, alhali a da yakan farfaɗo. Ghana ta ga irin haka: can ruwan zurfi yakan taso ne daga Yuli zuwa Satumba, an yi gagarumin kamun wannan kifi a 1972, a shekarar da ta biyo baya kuma ya kusa ɓacewa, sai da aka yi shekaru kafin ya dawo.

Gaɓar Najeriya ba ta da irin wannan tasowar ruwa mai ƙarfi, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙasar ke shigo da daskararren kifi mai yawa, har da na ruwan Muritaniya da Maroko, saboda haka farashin da mai sayen kifin ƙanƙara ke biya a Kano yana da ɗan alaƙa da abin da ke faruwa a Nuwadibu. Kwale-kwalen da suka rasa kifi kuma sun sami wani kaya: a 2006 mutane fiye da 30,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya ta teku daga yammacin Afirka, a 2023 da 2024 adadin ya zarce haka, kuma waɗanda suka tashi daga Mbour ko Joal tafiyar kimanin kilomita 1,500 suke yi suna fuskantar iskar arewa da igiyar ruwan da take turowa. Ƙasashen yankin suna da hukumar haɗin gwiwa kan kamun kifi, wadda aka kafa a 1985 mai hedikwata a Dakar, da mambobi bakwai daga Muritaniya zuwa Saliyo, sai dai ba ta da ikon yanka wa kowace ƙasa kason sardinelar da za ta kama, kuma Maroko, wadda kifin ke ƙara karkata zuwa ruwan da take iko da shi, ba ta cikinta.